Tsiron Dawa Daga Gidan Giya

Na girma a Kano ban san ƙofar mashaya ba. Sai da na haura shekara hamsin, da hijabina da komai, a ƙasar Amurka, sannan na san gidajen giya tara cikin kwana biyar. Ko ɗigo bai taɓa harshena ba, Allah shi ne shaida, amma na san warinsu, na san kujerunsu, na san inda banɗakin kowanne yake. Aminiyata ce ta ja ni, kuma har yau in na tuna makon nan sai raina ya ɓaci. Da farko da ita nake fushi. Daga baya fushin ya yi ta sauya masauki.

Mun haɗu a makarantar kwana ta 'yan mata muna 'yan shekara goma sha biyu, ni daga Kano, ita daga wani ƙauye a bayan Jos. Kirista ce, bakinta kuwa da Hausa ya fi na wasu Kanawan kaifi. Mahaifiyarta burkutu take dafawa, da shi ta yi mata karatu, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. Ta karanta ilimin sarrafa abinci ta yi shekaru tana aiki a ɗakin gwaji na wani babban kamfanin giya, ni kuma na zama nas, aure ya kawo ni New York. Kusan shekara arba'in ba mu taɓa yin wata guda ba mu ji muryar juna ba. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta a asibiti, takardu suka hana ni zuwa gida, ita ta bar Jos ta je Kano ta yi jinyarta. Ba ni da 'yar'uwa mace da muka fito ciki ɗaya. Ita ce 'yar'uwar, kuma ita na kusa rasawa tun ranar da ta bugo mini waya da wannan shawara tata.

Ta ce ta ajiye aiki, tana son ta buɗe ɗan ƙaramin wuri nata, ta riƙa yin giyar dawa irin ta zamani, mai tsafta, a kwalba. Ta ji labarin cewa a Amurka ƙananan gidajen giya sun yi yawa, kowa da irin tasa, tana son ta zo ta gani da idonta ta ɗanɗana da bakinta. Za ta sauka a gidana mako biyu. Matsalar ɗaya ce, mai ɗanɗane ba ya tuƙi, kuma a duk duniya ba ta ga direban da ya fi ni dacewa ba tunda ni ba na sha. Tana faɗa tana dariya. Ni ma na yi dariyar, ina jiran ta ce wasa take yi, ba ta ce ba.

Da na gaya wa maigidana, sai ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce matar da ta wanke wa mahaifiyarki jiki ba a ce mata a'a, baƙonka annabinka. Amma ya kafa sharaɗi biyu: kwalba ko gwangwani ba za su shiga motarmu ba, kuma mutanen bene ba za su san inda muka je ba. Sharaɗi na biyun ya fi na farko nauyi, duk wanda ya zauna a Bronx ya sani. Muna hawa na huɗu a wani dogon gini a Grand Concourse, rabin ginin mutanenmu ne, 'yan Gana da 'yan Nijar da mu. Mutum ya yi atishawa a hawa na biyu, kafin la'asar an san yana mura a masallacin Tremont.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata dattijuwa ce 'yar zangon Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Hajiya muke ce mata, ita kuma ta ce mini Anti Nas. Mace ce mai kyauta, hannunta a sake, bakinta ma a sake. Hausarsu ta zango ba ruwanta da bambanta mace da namiji, kowa "ka" ne a wurinta. Ranar da aminiyata ta sauka, ko akwati ba mu gama shigarwa ba sai ga Hajiya da babban kula, shinkafa da wake irin tasu ta Gana da baƙin yajin nan nasu. Ta ce baƙo ya ci ya huta. Ta tambayi abin da ya kawo baƙuwar, na yi caraf na ce yawon buɗe ido ne, za mu je ganin ganyaye sun sauya launi a arewacin jiha. Aminiyata ta kalle ni ta gefen ido.

Muka fara da Brooklyn. Ni a zatona gidan giya wuri ne mai duhu da 'yan iska a bakin ƙofa. Sai na tarar da tsohon sito mai faɗi, an share shi tas, ga manyan tankokin ƙarfe suna ƙyalli, ga samari masu gemu har ƙirji suna kaiwa da komowa da takalman roba. Gemun nan ya fi komai ba ni haushi, don in ka hango su daga nesa sai ka ɗauka wa'azi za a yi. Har da karnuka a kwance ƙarƙashin tebur, har da wata da jaririnta a keke. Warin kuwa kamar gasarar da aka manta da ita kwana uku a bayan ƙofa. Na tsaya a bakin shiga na ce ni a mota zan jira. Ta ce in shigo mana, kada a ɗauka ta sato ni ne.

Aka kawo mata 'yan ƙananan kofuna biyar a jere a kan wani katako, daga mai ruwan zuma har zuwa baƙi ƙirin. Na zuba ido in ga ta shanye mu tashi. Ina! Sai ta ɗaga kofi ta kalli haske ta cikinsa, ta juya shi, ta shinshina, ta kurɓi kaɗan ta riƙe a baki tana lumshe ido, sannan ta ɗauko littafi ta yi rubutu. Kofi guda sai ya ci minti goma. Daga nan ta kira mai wurin suka shiga zancen wani fure mai ɗaci da suke zubawa, da zafin ruwa, da kwanakin da ake bari ya tashi. Awa biyu da rabi ina zaune na rungume jakata, na tattare hijabina don kada ya taɓa tebur. Wani yaron wurin, saurayi ne dai mai ladabi, ya zo ya ce suna da lemon citta marar komai, na ce na ƙoshi. Ƙishirwa kuwa kamar in mutu, amma ban san abin da aka zuba a kofin kafin ni ba.

A Queens wata Baturiya ta zo ta dafa kafaɗata ta ce ta ji daɗin ganina a wurin, ko zan yarda mu ɗauki hoto tare. Na ce mata in ta ɗaga wayar nan sai na jefa ta cikin tanki. Ba wayar nake nufi ba. Aminiyata ta yi ta dariya har da hawaye, ta ce 'yar Kano har yanzu ba ki sauya ba. Ni kuwa ba dariya a raina. Hoto guda ya isa. In ya shiga waya ya zagaya ya faɗo hannun matan Islamiyyarmu, da wane baki zan yi bayani? Wa zai tsaya ya duba ko kofin da ke gabana nawa ne ko na wata?

Rana ta biyu muka haye gada muka bi gefen kogi muka nufi arewa. Gaskiya ƙasar ta yi kyau, duwatsu da gonakin tufa da ganyaye ja da rawaya, amma ni ban ga kyanta ba sai daga baya a hotunan da ta ɗauka. Abin da na gani shi ne titi da agogo. Kullum ina lissafin inda zan yi azahar. Na yi salla a filin ajiye motoci na gidan giya, tsakanin motata da wata akori-kura mai ɗauke da ganguna, ina sujada ina jin warin nan a hancina. Na idar na zauna a kan dadduma na yi kuka don takaici. Da na koma ciki na tarar da ita a tsakiyar Turawa huɗu tana koya musu yadda mahaifiyarta take gane tukunya ta nuna da jin ƙarar tafasarta kawai. Sun buɗe baki suna saurare. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na ranar ba, kuma wannan ma ya ƙara mini haushi.

A mota kuwa ba ta yin shiru. Ba maye take yi ba, kada in ɗauki alhakinta, kurɓa take yi ta bar saura. Amma bakinta yana warin abin, kuma ta dage sai ta bayyana mini bambancin wannan da waccan, wai wata tana da ɗanɗanon lemon tsami, wata na gasasshen burodi. Na ce mata ni duk warin ɗaya nake ji. Na sauke gilashi duk da sanyi. Ta ce in dai don ita ne in rufe, za ta daina magana. Ta yi shiru na minti uku.

A rana ta uku muka yi faɗan farko. Wani mai gidan giya ya ji daɗin hirarta ya ba ta kyautar gwangwani shida a kwali. Ta fito da su tana murna, na kulle motar na tsaya. Na ce ta san sharaɗi. Ta ce kyauta ce, mayar da kyauta wulaƙanci ne, a bayan mota za ta sa, ba sha zan yi ba. Na ce malamanmu ba mai sha kaɗai suka ambata ba, har da mai ɗauka, kuma na riga na ɗauki mai sha, ya ishe ni. Muka tsaya cirko-cirko a cikin iska. Daga ƙarshe ta juya ta koma ciki ta mayar, ta fito fuska a ɗaure. Haka muka shiga mota muka nufi masauki.

Wuri na ƙarshe wata gona ce a kan tudu, inda wani dattijo da matarsa suke yin giya da dawa saboda masu ciwon da ke hana cin alkama. Nan ne dama ta fi ɗokin zuwa. Ya buɗe mata buhu ta tsoma hannu, sai na ga fuskarta ta sauya. Tsiron dawa ne, wato dawar da aka jiƙa ta fara tsiro sannan aka shanya, irin wanda ake sa wa kunun zaƙi a gida don ya yi zaƙi ba tare da sukari ba. Ta miƙo mini na shinshina, ƙamshin tsakar gidan kakata ya bugi hancina. Dattijon ya ɗebar mata kamar kwano biyu a jakar takarda. Ta tsaya a bakin mota da jakar a hannu, ta ce wannan fa, shi ma haramun ne? Na ce kada ta raina mini hankali, hatsi ne, ta shigo da shi. Ni na faɗa da bakina, kuma ni na buɗe mata bayan motar.

Muka dawo Bronx ranar Alhamis, na cika na yi fam, ita kuma tana neman hanyar da za ta wanke kanta a wurina. Kulan Hajiya yana nan a kan firji tun ranar da ta sauka. A al'adarmu ba a mayar da kwanon maƙwabci haka nan, sai an sa wani abu a ciki, kuma aminiyata ta san wannan kamar yadda na sani. Ta ce ita aka yi wa girki, ita za ta rama. Ta jiƙa gero, washegari ta markaɗa shi da citta da kanumfari da masoro, ta raba ƙullun biyu, ta sheƙa wa rabi tafasasshen ruwa, da ya huce ta haɗa da ɗanyen da garin tsiron nan, ta rufe. Da safiyar Asabar muka tace. Ni na riƙe mata rariya. Kunun ya yi kyau, ya yi zaƙi mai sanyi wanda ba ya kama maƙogwaro. Na sha kofi biyu, maigidana ya sha ya ƙara kafin ya fita aiki. Har na fara hucewa. Ta cika kulan ta kai wa Hajiya da kanta.

Abin da ba mu sani ba, Asabar ce ranar karatun mata a masallacin Tremont, kuma Hajiya ba ta iya cin abu mai daɗi ita kaɗai. Ta ɗauki kulan ɗungurungum ta kai can ta raba wa mata.

Lahadi da hantsi ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, kula a hannu, fuska cike da fara'a. Ta zauna a falo ta ce mata sun hana ta sakat, har malama ta sha ta tambaya.

"Mene ne ka sa a ciki?" ta ce da aminiyata. "Ba sugar, amma zaƙi kamar zuma. Duka suna son recipe."

Ina tsaye a ƙofar kicin. Na ƙifta mata ido, na girgiza kai, na yi gyaran murya. Ta gan ni sarai.

"Tsiron dawa ne, Mama," ta ce. "Mai kyau na samu, a wani brewery can arewa."

"A ina?"

"Inda ake yin giya. Amma hatsi ne kawai, bai taɓa shiga tukunyarsu ba."

Hajiya ta ajiye kulan a ƙasa a hankali. Ta yi salati. Ba ta ƙara kallon aminiyata ba, ni ta juyo ta kalla.

"Anti Nas, ka sani?"

Na daɗe ina juya wannan lokacin a raina. Da na ce na sani, kunu ne, ni ma na sha, da abin da zai biyo baya bai wuce surutun mako guda ba. Amma a take na hango matan nan su talatin, na hango malama, na hango ana nuna ni a wurin suna ana cewa ga wadda ake dafa burkutu a gidanta.

"Ni ma yanzu nake ji, Hajiya," na ce.

Allah ya taimake ni ban rantse ba, shi ke nan abin da zan iya faɗa don kare kaina. Hajiya ta miƙe tana faɗin ta shayar da tsofaffi, ta shayar da mai ciki, ta shayar da malama, da wane ido za ta kalle su. Ta ce kulan ma ba ta so, mu riƙe. Ta fita ta ja ƙofa.

Aminiyata ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kofi biyu kika sha. Ke kika riƙe mini rariya."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Gaskiyar nan da ta faɗa a sanyaye ita ta kwance mini kai. Duk abin da na haɗiye kwana biyar ya taso. Na ce mata ta zo ta mayar da ni direban mashaya, na yi salla a tsakanin gangunan giya saboda ita, na sha ƙishirwa, na sha wari, na yi wa maƙwabta ƙarya tun ranar farko don in rufa mata asiri, ita kuwa kalma ɗaya ta kasa riƙewa. Ta ce ita ba ta da asirin da za a rufa, ba ta saci komai ba, kuma ba za ta yi wa tsohuwa ƙarya a kan abin da ta sa a cikinta ba. Na ce ita mako biyu za ta yi ta tafi, ni ce zan zauna da mutanen nan har in mutu. Ta ce to ai shi ya sa ya kamata in gaya musu gaskiya. Nan ne na faɗi abin da na faɗa. Na ce ba laifinta ba ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Magana zarar bunu ce. Tana fita na so in kamo ta, ta riga ta tafi. A makaranta akwai 'yan matan da suka taɓa yi mata gori da sana'ar mahaifiyarta, ni ce na fasa wa ɗaya baki har aka ba ni horon yankan ciyawa. Ta san da wannan, na san ta sani. Ta shiga kicin ta wanke tukunyar da ta yi kunun, ta wanke rariya da ludayi, ta kife su. Ta zubar da ragowar kunun da ke firji. Ta shiga ɗaki ta haɗa kayanta. Kwana huɗu suka rage mata, ta ce za ta ƙarasa su a wurin wata 'yar cocinsu a New Jersey. Na ce aƙalla in kai ta, ta ce na yi tuƙi ya isa. Ta taga na hango ta tana jan akwati zuwa tashar jirgin ƙasa, tana tsayawa tana sauya hannu.

Da maigidana ya dawo na ba shi labari, ina jiran ya taya ni faɗa. Ya saurara har na gama. Ya ce shi dai kunu ya sha, kuma in an tambaye shi haka zai ce. Ya tambaye ni ko na kira ta na ba ta haƙuri. Na ce ita ya kamata ta ba ni. Ya ɗauki buta ya shiga alwala, ya bar ni da kulan mutane a tsakar falo.

Ba a yi mako guda ba Hajiya ta sake ƙwanƙwasa ƙofa, tana dariya kamar ba ita ba. Wai ta kai maganar gaban liman, ya tambaye ta ko wani ya bugu, ta ce a'a. Ya ce hatsi hatsi ne ko a hannun wa aka saya, kunun da bai kwana ya yi tsami ya juya ba halal ne, su daina tayar da hankalin kansu. Matan ma sun ce dama su ba su ji komai ba sai daɗi. Ta ce in ba ta kulanta. Sannan ta leƙa kicin ta ce ko akwai sauran tsiron nan, tana son ta gwada, kuma ina baƙon, ya tafi ne bai yi sallama ba?

Ban san lokacin da na miƙa mata jakar takardar ba. Na rufe ƙofa na jingina da ita. Wato saboda wannan na yi ƙarya. Saboda surutun da bai kai kwana bakwai ba na zagi matar da ta haifi aminiyata, matar da ban taɓa jin ta cuci kowa ba. Na ji haushin Hajiya kamar in bi ta in ƙwace jakar, na ji haushin matan da limamin da ginin gaba ɗaya. Amma ko a cikin fushin na san Hajiya tambaya kawai ta yi. Ba ita ta ba da amsa ba.

Na kira aminiyata bayan ta koma gida. Ta ɗauka. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ya wuce. Na ba ta labarin abin da liman ya ce, ina zaton za ta yi dariyar nan tata, sai ta ce to madalla. Muka ci gaba da gaisawa, ina kiran ta ranar Kirsimeti, tana kira na da Salla, ana tambayar yara da aiki da sanyi. Duk wanda ya ji mu zai ce lafiya lau muke. Ni da na san yadda muke da, na san ba lafiya ba. Na gaya wa kaina waya ce ba ta gyara irin wannan, sai ido da ido.

Da na je gida hutu a shekarar da ta biyo, na bar Kano da sassafe na tafi Jos takanas. Ta tarbe ni a bakin ƙofa, ta rungume ni, ta karɓi jakata, ta zaunar da ni a kujera mafi kyau. Gidan yana ta ƙamshin gwaten acca, na ji ana juya tukunya a baya, yunwa ta taso mini. Na ce a raina shi ke nan, an wuce wurin.

Ta shiga ciki ta fito da faranti. A kai akwai robar ruwa da ba a fasa murfinta ba, da shinkafa a cikin robar sayar da abinci, an ƙulle ta a leda, da cokalin roba a cikin takardarsa.

"Ban dafa miki komai ba," ta ce. "Daga shagon wata Hajiya na aika aka sayo. Ba a buɗe ba."

Na ce mata ni gwaten nake so, wanda nake jin ƙamshinsa, ta zubo mini nata.

"A'a," ta ce, ba tare da fushi ba. "Kada a je a tambaye ki a ina kika ci."

Ta zauna a kujerar da ke nesa da ni, ta tambaye ni maigida da yara da hanya. Na kwance ledar da kaina, na yage takardar cokalin, na ci shinkafar tana kallona.